Kilo Ɗaya a Jakar Mma Hamdatu

Duk wanda ya taɓa zama gaban faranti a gidan Mma Hamdatu a Tottenham ya san abu biyu game da ita. Na farko, ba ta da sikeli a kicin, hannunta ne mudunta. Na biyu, ba a ce mata an ƙoshi. Ka kuskura ka ce ka ƙoshi, sai ta dube ka sama da ƙasa kamar ka zagi danginta, ta ƙara maka ludayi biyu na wake da shinkafa, ta ɗora dafaffen ƙwai a kai, ta riƙe ƙugu ta tsaya a kanka har sai ta ga gindin farantin.

'Yar zangon Aboabo ce ta Kumasi, ta zo Landan tana amarya, da akwati ɗaya da tukunya biyu. Mijinta Zuberu makanike ne, ya koyi aiki a garejojin Suame tun bai fara gemu ba, yanzu kuma yana gyaran motocin haya a wani gareji da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Ita ranakun aiki tana raba wa yara abincin rana a wata firamare, inda aka ja mata kunne ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kan cika wa 'ya'yan mutane faranti fiye da ƙa'ida. Asabar da Lahadi kuwa, duk suna ko bikin da 'yan zango za su yi daga Tottenham har Barking, tukunyarta ce a kan wuta.

Shekara goma sha ɗaya suka yi Allah bai ba su haihuwa ba. Da ta tashi zuwa kuma sai ta zo da gaggawa, wata bakwai, 'yar mitsitsiyar yarinya mai kilo ɗaya da rabi. Aka sa mata suna Mufeeda tana cikin kwalba a asibiti. Likita ya ce ba za ta bar wurin ba sai ta kai kilo biyu. Sati shida Hamdatu ta yi tana zarya, kuma kowace safiya kafin nas ta ɗora jaririyar a sikeli sai uwar ta ɗauke ta a tafin hannu biyu, ta lumshe ido, ta faɗi lamba. Da farko nas ɗin dariya take yi. Kafin a cika sati uku ta daina dariya, don lambar uwar ba ta saɓa wa ta sikeli, ta koma kiran 'yan'uwanta su zo su gani. Ranar da nas ɗin ta dubi sikelin ta ce, "Ta kai," Hamdatu ta yi sujada a nan tsakiyar ɗakin, ta kuma ɗaukar wa kanta alkawarin cewa ba wanda zai sake gaya mata 'yarta ba ta kai ba.

To, ta Allah ba ta mutum ba ce. Sai ya ba ta yarinya mai ci kamar gara, amma jiki kamar tsinken tsire. Tuwon zafi, ƙosai, koko da madara, soyayyar ayaba, duk sukan shiga, ba a san inda suke zuwa ba.

Mufeeda na da shekara takwas wani mai kawo wa Zuberu gyara zai tashi daga gidansa, ya bar masa wata tsohuwar 'yar motar tsere ta yara, irin wadda ake kira kat. Ba ta da rufi, ba ta da ƙofa, kujera ce kawai a kan bututun ƙarfe da taya huɗu da inji a gefe, mazaunin direba bai fi yatsa biyu daga kwalta ba. Zuberu ya yi wata guda yana shafa ta, yana mata magana kamar mara lafiya, har ta tashi. Wata Lahadi ya kai yarinyar wani filin tsere a bayan gari don ta ɗan zagaya. Ta doshi kwanar farko ba ta ɗaga ƙafa daga totur ba. Ya dawo gida bakinsa har kunne, yana gaida maƙwabtan da bai taɓa gaisarwa ba.

Ranar gasarta ta farko Hamdatu ta bi su, da kuloli uku, don ta ji an ce wuni ake yi. Tana cikin neman inda za ta shimfiɗa tabarma sai ta ga mijinta a durƙushe yana ɗaure wasu fala-falan ƙarafa masu ruwan toka a jikin kujerar yarinyar.

"Baban Mufeeda, wannan kuma mene?"

"Dalma ne."

"Dalma na me?"

Ya yi mata bayani ba tare da ya ɗago ba. Dokar tseren ita ce da an gama, sai a hau da mota da direbanta kan sikeli tare. Akwai nauyin da aka yanka. Wanda ya gaza shi, ko da cokali ɗaya ne, an kore shi, ko da kuwa shi ya zo na ɗaya, don mota mara nauyi ta fi gudu. "Yarinyan ba shi da nauyi," in ji shi da Hausarsu ta zango. "Sai an ƙara mishi kilo sha ɗaya kafin ya kai."

Kula ta kusa suɓucewa daga hannun Hamdatu. "Sha ɗaya? A gaban mutane? Ni Hamdatu da nake ciyar da rabin Tottenham, a ce ɗiyana sai an ɗaura mishi ƙarfe kafin ya kai? In labarin nan ya je Kumasi, ina zan sa fuskana?"

Daga ranar aka ja daga tsakaninta da dalma. Wasu iyayen a filin suna ƙirga daƙiƙa, ita tana ƙirga faranti. Duk lokacin da yarinyar ta ƙara kilo ɗaya Zuberu ya kwance falle ɗaya, Hamdatu na tsaye ta miƙa hannu. Ya gargaɗe ta cewa dalma guba ce, kada ta kusanci abinci, sai ta sa ya naɗe kowace da salatif, ta jera su a saman kabad ɗin falo kusa da kofunan da Mufeeda ke ciyowa. Kofunan akan share musu ƙura in za a yi baƙi. Dalmar kuwa kullum. Da yarinyar ta cika sha biyu aka ɗaga ta zuwa ajin manya, inda mota ta fi ƙarfi, nauyin da aka yanka ma ya fi yawa, Zuberu ya shigo falo yana sanɗa ya kwashe guda biyar ya mayar jikin kujera. Kwana uku ba ta ce masa uffan ba. Abinci dai ta ba shi, don hana mutum abinci ba ya cikin irin muguntar da ta iya.

Gaskiya dai a faɗe ta, Hamdatu ba ta gane kan tseren nan ba. Shekara guda cur ta yi tana yi wa ɗan wani Bature kirari, don da an sa hular kwano duk yaran kamarsu ɗaya, sai da Mufeeda ta zana ratsin kente, saƙin nan na garinsu, a tata sannan aka huta. Da ta gane 'yarta kuma sai abin ya ƙara lalacewa, domin duk sanda yarinyar ta doso kwana, muryar da ke fin ta injuna talatin ita ce ta uwarta: "A hankali! Mufeeda, a hankali!" A hanyar dawowa uba da 'ya kan zauna a gaban motar kaya suna maganar iskar taya da sarƙa da birki, rabi Turanci, rabi wani yare na lambobi, ita tana gefe da kula a cinya. In ta sa baki sai su haɗa ido su yi murmushi. Abin yana mata ciwo ƙwarai, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba. Ita ta haifa, ita ta yi zaryar asibiti, amma a wannan babban abu na rayuwar 'yarta matsayinta bai wuce na mai kawo abinci ba.

Abu ɗaya ne nata, ba ta kuma yarda an taɓa shi ba. Kafin Mufeeda ta sa hular kwano sai ta rungume ta, ta ɗaga ta cak daga ƙasa, ta tofa mata addu'a a ka, ta dire ta, ta ce, "Kin rame." Kullum haka, ko da kuwa a satin aka cire dalma. Da yarinyar ta fara zama budurwa sai kunya ta kama ta. Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take amsawa, irin na 'ya'yan Landan, ta roƙi uwar don Allah a riƙa yin abin nan a bayan motar kaya inda yaran ba za su gani ba. Hamdatu ta yarda, amma ta ji shi har cikin rai.

A watan Sha'aban na shekarar da Mufeeda ta cika sha biyar aka kwance falle na ƙarshe. Zo ka ga murna! Wannan Hamdatu ba ta kai shi saman kabad ba. Ta naɗe shi da hankici ta jefa a jakar hannunta. Ta nuna shi a masallaci, ta nuna shi a wurin suna a Barking, ta kira Kumasi ta waya ta ɗaga shi a gaban kyamara har sai da kowace gwaggo ta gani ta sa albarka. Aminiyarta Suweiba ta ce, "Hamdatu, ƙarfen nan zai karya miki kafaɗa." Kafaɗa dai ba ta karye ba, igiyar jakar ce ta tsinke a cikin bas, ta kai aka ɗinke ta ci gaba da yawo da abinta.

Ana cikin haka labari ya zo. Wata ƙungiya mai ƙananan motocin Fomula, masu kujera ɗaya da fukafukai gaba da baya, ta ce duk yara ukun da suka zo kan gaba a tseren ƙarshe na wata babbar gasa za ta kira su gwaji, ta ba ɗaya daga cikinsu mota na shekara guda. Irin waɗannan motoci ba a yi su don 'ya'yan makanikai ba, kowa ya sani. Zuberu ya san ƙofar nan sau ɗaya za ta buɗe, Mufeeda ma ta sani, har ta daina surutu a wurin cin abinci.

Sai ranar gasar ta faɗo a ashirin da biyu ga watan azumi.

Hamdatu ta zama malamar ƙarfi da yaji. Ta ce matafiyi an yi masa rangwame, ya sha ya rama. Mufeeda ta ce tafiyar awa ɗaya da minti goma ce, ita ba ta jin ta kai a kira ta matafiya, kuma ba ta sha ko ɗaya ba bana, ba za ta fara a goman ƙarshe ba. Hamdatu ta ce wannan taurin kai ba ta san inda yarinyar ta gado shi ba. Zuberu ya buɗe baki, ya tuna yana son zaman lafiya, ya rufe. Tunda an kayar da ita a fatawa, sai ta rama a sahur: tuwon zafi da miyar ayoyo, koko kofi biyu, ƙosai shida, da manyan gorunan ruwa biyu da ta tsaya a kai sai da aka shanye.

Da ƙarfe tara na safe aka yi tseren share fage, Mufeeda ta samu layi na biyar a cikin talatin. Aka hau sikeli. Nauyin da aka yanka kilo ɗari da arba'in da biyar ne, ita da motarta suka ba da ɗari da arba'in da shida. Zuberu ya ciro biro ya rubuta a bayan hannunsa, ya ja layi biyu a ƙasa. Rarar kilo guda, babu dalma ko ɗaya. Ya lissafa man da inji zai sha, ya lissafa abin da taya za ta cinye, duk ya ƙara musu abinsu. Makanike ne na gaske, ba abin da ya manta a jikin motar.

An shirya tseren ƙarshe da ƙarfe ɗaya. Sai aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, wata mota kuma ta zubar da baƙin mai a kwana ta uku, aka ɗage zuwa uku, aka sake ɗagewa zuwa biyar. Uba da 'ya suka cire tayoyin rani suka sa na ruwa. Rana ta fito, suka cire na ruwa suka mayar da na rani. Mufeeda ta zagaya filin da ƙafa har sau biyu tana duba inda ya bushe, duk a cikin rigar tsere mai kauri kamar bargo. Yaran Turawa na ta ɗaga goruna suna kwankwaɗa, ita ko miyau ba ta da shi.

Biyar saura kwata lasifika ta kira ajinsu. Za a rufe ƙofar shiga nan da minti goma. Mufeeda ta zagaya bayan motar kaya, hular kwano a hannu, ta tsaya a yi abin da aka saba a wuce wurin.

Hamdatu ta ɗaga ta, ta tofa addu'a, ta dire ta. Yau ba a ji "Kin rame" ba. Ta sake ɗaga ta, wannan karon ta lumshe ido.

"Baban Mufeeda," ta ce. "Zo ka sa dalma."

Zuberu ya leƙo, sifana a hannu. "Me kika ce?"

"Yarinyan nan ba zai kai ba."

Nan fa halinta ya kama ta. Shekara bakwai tana cewa an rame, ranar da aka rame da ranar da aka yi ƙiba, to yau wa zai saurare ta? Zuberu ya yi 'yar dariya, ya nuna mata bayan hannunsa. "Na yi checking da safe. Ga shi nan, kilo guda a sama. In na ƙara mishi wani kilo, a kowane zagaye zai ci mishi lokaci. Na uku muke nema fa, Hamdatu, ba wasa ba."

"Abin da ka auna da safe koko na ne da ruwa gora biyu. Ina suke yanzu? Tun asuba me ya shiga cikinshi? Ka lissafa man mota, ka lissafa azumi?"

Zuberu ya dubi hannunsa, ya dubi can ƙarshen fili inda rumfar sikeli take. Wani aji ne ya gama tserensa, motoci ashirin sun yi layi a bakinta. Ko da gudu aka je ba za a dawo kafin a rufe ƙofa ba.

"Mma, please," in ji Mufeeda. "Ba yau ba."

Hamdatu ta zuge jakarta, ta ciro ƙullin hankici, ta warware. Ga fallen dalmar nan da ya je masallaci, ya je Barking, aka sa masa albarka daga Kumasi. Ta miƙa wa mijinta da hannu biyu. "Na ɗauki yarinyan nan tun yana kilo ɗaya da rabi," ta ce. "Ban taɓa kuskure ba. Wallahi na fi kowa ƙin ƙarfen nan. Sa mishi."

Zuberu ya dubi 'yarsa, don tseren nata ne. Mufeeda kuwa dalmar take kallo. Ta san uwarta. Matar da ta yi kwana uku ba ta magana saboda an mayar da dalma, yau ita ce ke roƙon a sa. In ba ta tabbata ba, da ta gwammace a yanke mata hannu.

"Put it on, Baaba," ta ce.

Allah ya sa tsoffin hudojin na nan a jikin kujera. Ƙusa biyu, noti biyu, Zuberu na ɗaurewa yana salati, noti ɗaya ya faɗi cikin ciyawa, Hamdatu ta durƙusa da leshinta mai tsada ta lalubo shi. Suka tura motar a guje su uku, mayafi na tashi, jaka na dukan ƙugu. Mai gadin ƙofa ya riga ya kama sarƙa zai ja suka kutsa.

Zagaye goma sha takwas ne. Hamdatu ta kama wayar shinge da hannu biyu, kuma a karon farko tsoron da ke cikinta ba na faɗuwa ba ne. In yarinyar ta zo ta huɗu da tazarar gashi ɗaya, to ita ce ta jawo, ita da ƙarfenta, kuma har abada ba za ta yafe wa kanta ba. Aka saki motoci, ƙara ta cika fili. Hula mai ratsin kente ta shige ta huɗu a kwanar farko. A zagaye na shida ta bi ta cikin wani yaro a inda kwalta ke da sauran danshi, inda kowa ke tsoro, ta fito ta uku. Mutanen da suka saba jin "a hankali" suka juyo suna neman mai sabuwar murya, domin abin da ke fita daga bakin Mma Hamdatu, da azumi a bakinta, ɗankwali ya zame har wuya, shi ne: "Taka! Taka shi, Mufeeda! Taka, don ubanki!" Uban na gefenta, bai ko ji ba.

A zagaye na sha huɗu ta zama ta biyu. Amma duk sanda aka fito miƙaƙƙiyar hanya sai na baya su matso, kamar ana jan ta da igiya. A fitowar ƙarshe wanda ta ƙwace wa na biyu ya wuce ta, na huɗu kuma ya kawo hancin motarsa daidai kujerarta. Suka tsallake layi kusan tare. Allo ya yi jim, sannan ya nuna: ta uku, da tazarar da ba ta kai rabin taya ba.

Zuberu ya yi tsalle, ya sauko, ya ce, "Kilon nan naki ya cinye mana na biyu. Saura kaɗan ya cinye na ukun ma." Hamdatu ba ta wannan take ba. Idonta na kan rumfar sikeli.

A can ba a barin kowa ya matso. Ba a miƙa wa direba ko ɗigon ruwa sai an auna shi. Wani tsohon Bature mai jar hula ne ke kula da sikelin, mutumin da aka ce ya taɓa korar jikansa saboda giram hamsin. Na ɗaya ya hau ya sauka. Na biyu ya hau ya sauka. Mufeeda ta tura motarta kan faranti, ta hau ta tsaya a gefenta. Jajayen lambobi suka yi ta tsalle, suka tsaya.

Ɗari da arba'in da biyar, da ɗigo biyu.

Zuberu ya ɗaga bayan hannunsa ya duba. Ya dubi allon sikeli. Ya cire kilo ɗaya a zuciyarsa, ya ga abin da ya rage, sai ya zauna daɓas a kan tarin tsoffin tayoyi yana "Innalillahi" da "Alhamdulillahi" a haɗe. Tsohon ya rubuta lambar, ya ce da Mufeeda rarar giram ɗari biyu aikin gwani ne, wane ne injiniyanta? Ta cire hular kwano, ta juya, ta nuna wata mata a bayan shinge, ɗankwali a wuya, ciyawa a gwiwa, jaka a buɗe.

Hamdatu ta rangaɗa guɗar da sai da tsuntsaye suka tashi daga kan rumfa. Tana guɗa tana kuka, don ita ba a filin tsere take ba a lokacin, tana wani ɗakin asibiti ne shekara goma sha biyar baya. Da rana ta faɗi aka buɗe kuloli a bayan motar kaya, duk wanda ya gitta sai da ya ci, har yaron da ya zo na huɗu da ubansa. Tsohon mai sikeli ya cinye faranti ɗaya ya ce ya ƙoshi. Bai san da wa yake magana ba.

Bayan Sallah aka kira su ukun gwaji, kuma Mufeeda aka ba motar. Ranar tserenta na farko a cikinta Hamdatu ta ga duniyar da ba ta taɓa gani ba: gareji fes kamar ɗakin tiyata, injiniyoyi da abin magana a kunne, kwamfutoci a jere, sikeli huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya. Ba wanda ke buƙatar dalmarta a nan, ba kuma bayan motar kaya da za a laɓe. An ja igiya, iyaye na tsayawa a bayanta. Ta tsaya inda aka ce, ta rungume jakarta da ta zama ba nauyi, ta gaya wa kanta cewa haka girman 'ya'ya yake.

Aka ce direbobi su shiga mota. Mufeeda ta ɗauki hular kwano, ta yi taku biyu, ta tsaya. Ta juyo, ta ratsa ta tsakiyar injiniyoyin, ta ɗaga igiyar ta sunkuyo, ta tsaya a gaban uwarta a kan idon kowa. Ta buɗe hannuwa, kuma da Hausa ta yi maganar.

"Mma, auna ni."

Hamdatu ta ajiye jaka a ƙasa. Ta rungume ta, ta ɗaga ta cak, ta lumshe ido. Ta daɗe a haka fiye da yadda awo yake buƙata. Sannan ta tofa addu'a, ta dire ta, ta gyara mata wuyan riga.

"Kin kai," ta ce, ta sake ta.